Hukuncin Neman Gwamnati Ta Ɗauki Nauyin Masu Nakasa da Masu Jinyarsu, da Zaɓen Ɗan Takara Saboda Haka

Tambaya

Ni mace ce, mijina ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ni da 'ya'ya biyar. Na ukunsu yana da shekara goma sha shida, tun haihuwa ba ya tafiya, ba ya iya cin abinci da kansa, ga kuma farfaɗiya. Ni nake ɗaga shi, in yi masa wanka, in ba shi abinci. Da ina ɗinki, yanzu sana'ar ta tsaya saboda ba ni da wanda zan bar masa shi, kuɗin magani kuma kullum ƙaruwa yake yi. Mu iyayen irin waɗannan yara mun haɗu, muna so mu kai kukanmu majalisar dokokin jiharmu a ware mana kuɗi a kasafi, kuma mun yi shawarar idan zaɓe ya zo mu zaɓi wanda muka ga zai tsaya mana. Sai yayan mijina ya ce wannan rashin tawakkali ne, kai ƙarar Allah ne wurin bayinsa, kuɗin gwamnati cuɗe yake da haram, kuma siyasa ba ta mace mumina ba ce. Malam, ina jin tsoron in saɓa wa Allah, amma wallahi na gaji. Mene ne hukunci?

Amsa a taƙaice

Kula da mai nakasar da ba ya iya ɗaukar nauyin kansa haƙƙi ne da shari'a ta ɗora wa dukiyar jama'a idan dukiyarsa da ta wanda ciyar da shi ta wajaba a kansa ba su isa ba. Neman wannan haƙƙi wurin masu mulki halal ne, bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ba bara ba ne. Mara wa ɗan takara baya saboda ana kyautata zaton zai tsayar da wannan haƙƙi ya halatta, da sharaɗin a auna sauran halayensa kuma kada a sayar da ƙuri'a.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yar'uwa, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya jiƙan maigidanki, ya ba ɗanki sauƙi, ya sanya wahalarki a mizani. Tambayarki ta haɗa mas'aloli da dama, za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: matsayin mai nakasa a Musulunci

Allah Maɗaukaki ya ɗauke wa makaho da gurgu da mara lafiya laifin abin da ba su iya ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nur aya ta 61 da Suratul Fat'hi aya ta 17. Abin da aka ɗauke musu shi ne nauyi, mutuncinsu kuwa yana nan cikakke. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi (S.A.W) yake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Wannan bawan Allah daga baya ya zama ladani tare da Bilal, kuma Annabi (S.A.W) ya sha wakilta shi a Madina idan zai fita.

Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai taɓin hankali ta ce wa Annabi (S.A.W) tana da buƙata wurinsa, sai ya ce ta zaɓi hanyar da ta ga dama, ya je ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Itban ɗan Malik ganinsa ya yi rauni, idan kwari ya kawo ruwa ba ya iya zuwa masallacin mutanensa, sai ya roƙi Annabi (S.A.W) ya zo gidansa ya yi salla a wurin da zai riƙe wurin sallarsa. Annabi (S.A.W) ya taka da ƙafarsa tare da Abubakar ya je. A lura, wanda ya yi waɗannan abubuwa shi ne shugaban al'umma a lokacin.

Na biyu: wa nauyin ciyarwa da jinya ya hau kansa?

Malaman fiƙihu sun jera abin daki-daki. Idan mai nakasar yana da dukiya, ko ta gado ce, daga cikinta ake fara yi masa hidima. Idan ba shi da ita, sai wanda ciyar da shi ta wajaba a kansa. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, amma idan ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, ciyarwar ba ta faɗuwa. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. A wannan mazhaba alƙali ba ya tilasta wa baffa ko wa ko kaka ciyarwa, kuma ba a ɗora wa uwa ciyar da 'ya'ya daga aljihunta. Hanafiyya da Hanbaliyya sun faɗaɗa, suka shigar da wasu dangi masu hali.

To idan uba ya rasu, kamar halin da kike ciki, kuma yaron ba shi da abin da zai ishe shi, ina nauyin ya koma? Ya koma baitulmali, wato taskar jama'a. Idan baitulmali ya gaza ko aka hana, ya koma kan mawadatan gari a matsayin farilla ta kifaya: wasu suka yi, ta faɗi a kan saura, kowa ya bari, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Alƙurɗubi a tafsirinsa ya ambaci cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin fitar da dukiya idan wata buƙata ta afka wa Musulmi bayan an riga an ba da zakka. Ibn Hazm kuma ya tafi a kan cewa sarki zai tilasta wa mawadatan kowane gari su wadata matalautansu da abinci da tufafi da wurin kwana idan zakka ba ta isa ba.

Saboda haka abin da kike yi wa ɗanki da jikinki da ɗan abin hannunki alheri ne babba da kike samun lada a kansa, amma shari'a ba ta ce ke kaɗai za ki ɗauka ba.

Na uku: dalilin ɗora wa shugaba wannan nauyi

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar hadisin da ya nuna kowa makiyayi ne, kuma shugaba za a tambaye shi game da waɗanda yake shugabanta. Sun kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa bayan Allah ya yi wa Musulmi buɗi, Annabi (S.A.W) ya sanar cewa dukiyar mamaci ta magadansa ce, amma bashin da ya bari da raunanan iyalin da ya bari suna wuyansa shi. Malamai da yawa sun fahimci cewa wannan nauyi yana bin duk wanda ya gaji kujerar shugabanci.

Khalifofi a kan haka suka tafi. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya kawo a littafinsa na Kharaj cewa Umar ɗan Khaɗɗabi ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi wani abu, sannan ya umarci mai tsaron baitulmali ya kula da shi da ire-irensa, aka kuma ɗauke musu jiziya. A yarjejeniyar da Khalid ɗan Walid ya rubuta wa mutanen Hira, a zamanin Abubakar, an sanya cewa tsohon da ya gaza aiki da wanda wata cuta ta kama za a ciyar da su da iyalansu daga baitulmalin Musulmi. Wannan ya nuna haƙƙin ya shafi duk ɗan ƙasa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Masu tarihi sun ambaci cewa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan hijira, ya yanka wa kutare abin da za su rayu da shi ya hana su bara, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, ya ba kowane makaho ɗan jagora. An ruwaito makamancin haka daga Umar ɗan Abdul'aziz. Ki duba wannan da kyau: ba kuɗi kaɗai aka ba su ba, har mutumin da zai yi musu hidima sai da hukuma ta samar. Ke nan sun gane cewa jinya aiki ce mai zaman kanta, kuma tana da tsada.

Akwai dalili mafi ƙarfi game da mai jinya. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Usman ɗan Affan bai halarci Badar ba saboda matarsa, 'yar Manzon Allah (S.A.W), tana kwance ba lafiya. Annabi (S.A.W) ya sanar da shi cewa yana da ladan wanda ya halarci Badar, kuma yana da rabonsa na ganima. An haɗa masa biyu: ladan lahira da kason duniya. Idan wanda jinya ta tsare daga fita yaƙi bai rasa rabonsa ba, to uwar da jinya ta tsare daga sana'arta tana da hujjar a duba ta daga dukiyar jama'a.

Na huɗu: me ya sa zakka da sadaka ba su wadatar ba?

Wasu za su ce ai ga zakka nan. Zakka ginshiƙi ce, amma tana da iyaka. Allah ya ƙayyade waɗanda ake ba wa gida takwas a Suratut Tauba aya ta 60, kuma nakasa ba ta cikinsu da sunanta. Mai nakasa yana cin zakka ne idan matalauci ne ko miskini ko mai bashi, mai nakasar da yake da wadata ba ya ci. Sannan mafi yawan malamai ba su halatta a yi gine-ginen amfanin jama'a da zakka ba. Makarantar kurame da makafi, da albashin malamansu, da horar da likitocin gashi, da gyara ƙofar asibiti yadda keken guragu zai shiga, duk waɗannan aikin taskar gwamnati ne da wakafi. Ita kuma sadaka yau a samu gobe a rasa, maganin farfaɗiya kuwa ba a tsallake masa rana.

Hukumomin zakka da hubusi da wasu jihohinmu suka kafa, irin su Kano da Sakkwato da Zamfara, ƙofa ce da ya kamata ku ƙwanƙwasa. Amma ba sa ɗauke wa gwamnati nata nauyin.

Na biyar: amsar abin da yayan mijinki ya faɗa

Muna kyautata masa zato, wataƙila kishin gida ne da gudun a ce sun gaza. Amma maganganunsa uku ba su tsaya ba.

Batun tawakkali: tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, ba sa karo. Annabi (S.A.W) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, kuma ya yi umarni da neman magani. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Wanda ya ce ya yarda da ƙaddara amma yana neman haƙƙinsa da ke hannun wani bai kai ƙarar Allah ba, ƙarar wanda ya riƙe haƙƙin ya kai.

Batun mace da zuwa wurin masu mulki: Bukhari ya ruwaito cewa wata matashiyar mace ta tare Umar a kasuwa ta gaya masa mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabba, tana tsoron yunwa ta halaka su. Umar bai ce mata ta koma gida ta yi haƙuri ba. Ya tsaya ya saurare ta, ya ɗora wa wani ƙaƙƙarfan raƙumi buhu biyu na abinci, ya haɗa da kuɗi da tufafi, ya miƙa mata akalarsa. Khaula 'yar Sa'alaba ma ta kai kukanta wurin Annabi (S.A.W), aka saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Abin da ake nema gare ku shi ne sutura da kamun kai da faɗin gaskiya, wadda take da miji kuma ta fita da saninsa.

Batun cuɗanyar kuɗin gwamnati: taskar ƙasarmu tana samun kuɗi daga man fetur da ma'adinai da haraji da kuɗin fito da sauransu. Albarkatun ƙasa na jama'a ne. Haraji kuwa malamai irin su Algazali da Shaɗibi sun halatta a ɗora wa masu hali idan taska ta gaza kuma akwai buƙata ta gaskiya, da sharaɗin adalci. Inda aka karɓa da zalunci, zunubin yana kan wanda ya karɓa, bai bi matalaucin da aka ba haƙƙinsa ba. Da wannan kuɗi ake biyan malaman makaranta da alƙalan kotun shari'a, da shi ake yin titin da duk muke bi. Ba daidai ba ne a ce sai ya zo kan maraya mai nakasa sannan za a tuna da tsantseni.

Kuma ina tunatar da shi cikin girmamawa: ko da alƙali bai tilasta masa ciyar da ɗan ƙaninsa ba, zumunci yana kansa. Wanda ya rufe wa uwar marayu ƙofar nema, ya kamata ya buɗe mata tasa.

Na shida: abin da dokar ƙasa ta riga ta tanada

Yana da kyau ku je da sanin abin da ke rubuce. A watan Janairun 2019 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018. Dokar ta ba mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har matakin sakandare. Ta ba mai lalurar ƙwaƙwalwa haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Ta hana yawo da mai nakasa don yin bara da shi. Ta sanya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Tun kafin wannan, a 2007, jihar Jigawa ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 a kowane wata.

Babu abin da ya saɓa wa shari'a a cikin waɗannan tanade-tanade, hasali ma shari'a ta riga su. Amma doka a takarda ba ta sayen magani. Sai an ware mata kuɗi a kasafi, an saki kuɗin, sannan an bi sawunsa. Makarantun firamare da na sakandare da ƙananan asibitoci yawancinsu a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka zuwanku majalisar jiha zuwa ne wurin da ya dace.

Ku tafi da buƙatu ƙayyadaddu a rubuce. Misali: a samar da maganin farfaɗiya da na taɓin hankali a asibitin kusa. A ɗauki likitocin gashi da masu fassara da maganar hannu. A samar da ajujuwa da malaman da aka horar. A yanka alawus na wata-wata ga mai jinyar da ta bar sana'arta. A buɗe wurin da za a riƙa kai yaro da rana, uwa ta samu ta nema ko ta huta. Wannan na ƙarshe mutane ba su cika kawo shi a rai ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce taska ba ta da kuɗin duk wannan. Gaskiya ne dukiya tana da iyaka, kuma shari'a ba ta ɗora wa shugaba abin da ba ya iyawa. Amma ƙa'idar malamai ita ce duk abin da shugaba zai yi da dukiyar jama'a a ɗaure yake da maslaharsu, kuma larura tana gaban ƙawa. Gwamnatin da ta samu kuɗin bukukuwa da jerin motoci ba ta da uzurin cewa ba ta da na magani. Wani kuma zai ce idan gwamnati ta shigo, dangi za su janye. Abin da muke gani a unguwanni akasin haka ne: gidan da aka tallafa shi yake iya riƙe ɗansa, gidan da aka bari shi kaɗai shi yake tura yaro bakin titi ko ya kulle shi a ɗaki.

Na bakwai: ƙuri'a da sharuɗɗanta

Malaman da suka halatta shiga zaɓe, kuma su ne mafi yawa a ƙasarmu, suna kallon ƙuri'a a matsayin shaida da wakilci. Kai wa shugaba kukan raunana yana cikin nasihar da hadisin Tamimud Dari ya ambata, kuma yana cikin kyakkyawan ceto da Suratun Nisa'i aya ta 85 ta yi wa mai yinsa alkawarin rabo. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi ya gaya wa Mu'awiya gargaɗin Annabi (S.A.W) ga shugaban da ya shige bayan shamaki ya bar mabuƙata, sai Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman don buƙatun jama'a. Shaihu Almagili ma, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata haɗarin ɓoyewar sarki daga talakawansa.

Sai dai a kiyaye waɗannan:

Kada a sayar da ƙuri'a. Hadisin Bukhari da Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Akwai bambanci tsakanin zaɓen mutum don ya tsayar da haƙƙin dukkan masu nakasa, da zaɓensa don ya ba ni taliya da atamfa ni kaɗai.

A auna mutum gaba ɗayansa. Amana da iya aiki su ne ma'auni. Wanda aka san shi da cin dukiyar jama'a, alkawarinsa ga masu nakasa ba ya wanke shi, don su ma abin da aka ware musu zai ci.

A duba aiki, kada a tsaya ga baki. Rabon keken guragu a gaban 'yan jarida ana gobe zaɓe ba shi ne tsari ba, kuma Suratul Baƙara aya ta 264 ta gargaɗi mai ɓata sadakarsa da gori da riya. A tambaye shi: wace doka ka goyi baya? Nawa aka ware? Nawa aka saki?

Kada a mai da yara kayan talla. Ba a ɗaukar hoton yaro a cikin halin da shi ma ba zai so a gan shi ba don a jawo tausayi. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (S.A.W) ta zaɓi haƙuri da cutarta, amma ta roƙi addu'ar kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi mata. Suturar mai lalura haƙƙinsa ce.

A guji ƙarya da zagi da tashin hankali. Kada a ƙara adadi, kada a cusa sunan mai lafiya a jerin masu nakasa. Ma'aikacin da ya ci abin da aka ware musu, ko ya cika jerin da 'yan'uwansa, ya tuna hadisin Bukhari da ya yi alkawarin wuta ga masu kutsawa cikin dukiyar Allah ba da haƙƙi ba.

Na takwas: abin da ke kanmu mu jama'a

Kada mu nuna gwamnati da yatsa mu manta da kanmu. Ni kaina na yi shekaru ina limanci a masallaci mai matakala, akwai wani bawan Allah da yake zuwa a kan kekensa yana salla a waje, rana da damina, ban taɓa lura ba sai ranar da ya yi mini magana da kansa. Gyaran bai ci fiye da 'yan buhunan siminti ba. Ina neman gafarar Allah a kan shekarun da suka wuce. Kwamitin kowane masallaci ya san gidajen da ake jinya a unguwarsa, ya sanya su gaba a rabon zakka, mata maƙwabta su riƙa karɓar uwa ko da na yini ɗaya a mako. Maza kuma su sani jinya ba aikin mata kaɗai ba ne, Malikiyya ma sun lissafa jinyar makusanci cikin uzurin da ke halatta wa namiji barin Juma'a. Kuma kada a cire 'ya mace daga makaranta a mai da ita mai jinyar dindindin alhali akwai wata hanya. Annabi (S.A.W) ya sanar da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa saboda raunananmu ake ba mu nasara da arziki. Kuma kowa ya tuna, kamar yadda iyayenmu suke faɗa, ba a gama halittar mutum ba sai ranar da ya mutu.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa, cewa kin gaji ba zunubi ba ne, kuma bai rage miki ladan haƙuri ba. Ki je tare da 'yan'uwanki ku nemi haƙƙin 'ya'yanku da naku, da niyyar taimakon duk mai irin halinku, zuciyarki kuma ta rataya ga Allah shi kaɗai, domin shi ne mai bayarwa, su sababi ne kawai. Ki nemi wani babba da yayan mijinki yake jin maganarsa ya karanta masa wannan amsa cikin lalama, don kada zumunci ya yanke.

Muna roƙon Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya shiryi shugabanninmu zuwa ga tausayin raunana.

Allah ne Mafi sani.